Ranar da Teku Ta Shiga Rijiyar Liyang

Maidaji ne ya fara gani. A rubuta wannan da manyan baƙi, domin yanzu masu cewa su ma sun lura sun yi yawa. Kafin matar hukumar ruwa ta zo da na'urarta, kafin ganyen ayabar ƙauyen ya fara ƙonewa ta gefe, kafin mai rijiyar kansa ya farga, tsohon nan da bai taɓa ɗora gindinsa a bencin makaranta ba ya riga ya san teku ta shigo gida ta ƙarƙashin ƙasa. Kuma ba da ido ya gani ba, da harshe ne.

Wanda bai san Maidaji ba, to mutumin kwarin Foga ne, can wajen Gaya a ƙasar Nijar, inda ake kankare ƙasa a tace ta a dafa ruwan har ya zama gishiri. Shekara hamsin ya yi a bakin tukunya. Farin da ya kwashe shanun ƙasarsu bai kwashe shi ba. Kwalekwale ya kife da mutum goma sha ɗaya a Kwara, uku suka fito, shi ne na farkon taka ƙasa. Maciji ya sare shi sau biyu, macizan ne suka mutu. Irin wannan mutum ba a tsoratar da shi da sauƙi, amma a birnin Guangzhou na ƙasar Sin ya ji tsoro, kuma ba ya jin kunyar faɗa.

Abin da ya kai shi can, 'yarsa ce guda ɗaya tilo, Mariama. Shekara tara da aure sannan Allah ya ba ta ciki. Uwarta ta daɗe da rasuwa, babu mai zuwa ya zauna da ita, sai Maidaji ya ce shi ne uwa shi ne uba, a yanka masa tikiti. Mijinta Zayyad Bakano ne, yana lodin wandon jins daga garin Xintang yana turawa gida a kwantena. Don ya kasance kusa da tashar jiragen ruwa ya kama hayar ƙasan wani gida a wani ƙauye kudu da birnin, inda kogi ke rarrabuwa ya faɗa teku. Ayaba da rake ta ko'ina, da tafkunan kiwon kifi jere kamar fangalin albasa.

Mai gidan sunansa Liyang, suna ce masa Lawban, wato maigida. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, kullum cikin takalmin roba har gwiwa. Yana da tafkuna shida da injinan jan ruwa huɗu da ba sa hutawa. A tsakar gidan akwai tsohuwar rijiya da kakansa ya haƙa, yana alfahari da ita kamar 'yar fari. Tankin da ke kan rufin gidan bututu biyu ne ke cika shi, ɗaya daga famfon gari, ɗaya daga rijiyar.

Wata uku ke nan ba a yi ruwan sama ba. Ranar wata Talata Maidaji ya tsuguna alwalar Azahar, ya ɗebi ruwa ya kai baki. Malamai sun ce a duba ruwan alwala ta hanya uku, launinsa da warinsa da ɗanɗanonsa, amma mutanen yanzu watsa shi suke yi a baki su furzar kamar ana korarsu. Maidaji shi yakan riƙe ruwa a bakinsa ya juya shi. Da ya juya na farko sai ya tsaya. Ya sake na biyu. A na uku bai furzar ba, ya haɗiye, ya bi shi da hankali har maƙogwaro. Can ƙarshen harshe, wajen da ruwan daɗi ke wucewa ba ya barin sawu, wani abu ya tsaya ya ƙi tafiya. Kaɗan ne ƙwarai, kamar an wanke hannun mai gumi a cikin randa.

Sallar nan da ya yi, Allah ya karɓa kawai, don hankalinsa ba ya wurin.

Ga dalili. Cikin Mariama wata takwas, ƙafafunta sun kumbura, likita ya ce jininta ya hau, abin da Maidaji ke kira tansiyon. An hana ta gishiri ko ƙwaya ɗaya, an ce ta riƙa shan ruwa da yawa. Miyarta salam, su ma duk sun haƙura suna ci da ita haka. Amma kullum safe in ta ɗaura abin awo a hannu, lambar sama take yi. Kuma Maidaji ya taɓa ganin ƙafa irin wannan. Shekarar da rijiyoyin Foga suka juya suka zama zartsi, uwar Mariama tana da cikin na biyu. Ƙafa ta kumbura, fuska ta kumbura, ciwon kai ya zo, sannan jijjiga. Kafin a samo amalanke an gama. Ita da abin cikinta kabari ɗaya.

Ya shiga ya samu Mariama ta cika butar lantarki tana jiran ta tafasa. Ya ce mata ruwan nan akwai gishiri. Ta kurɓa, ta ce ita tun da ta samu cikin nan komai ɗanɗanon ƙarfe yake mata, ba ta jin komai.

“Baba, harshenka ne ya yi kewar Foga,” in ji ta, tana dariya. “Ai kuma tafasa shi nake yi.”

“Tafasawa? Ni da me na ciyar da ke in ba tafasa ruwa ba? Wuta ruwa take ci, ba ta cin gishiri.”

Da yamma ya faɗa wa Zayyad. Yaron kirki ne, ya durƙusa ya saurara har ƙarshe, ya kurɓi ruwan shi ma, ya ce, “To Baba, za a duba in sha Allahu.” Maidaji ya yi ciniki da Kanawa shekara da shekaru, ya san in Bakano ya ce za a duba, to ka nemi inuwa ka zauna. Washegari da sassafe Zayyad ya wuce Xintang, kwana huɗu zai yi yana lodi.

Sai tsoho ya ce ai mai rijiya yana nan sama, bari a je wa mai abu. Ya tambayi Mariama yadda Sinawa ke cewa abu ya yi gishiri, don ita ta ɗan tsinci yarensu a kasuwa. Ta ce “shiyan.” Ya maimaita sau uku, ya ɗebi ruwa a kofi, ya je ya samu Liyang a bakin rijiya yana gyaran injin. Ya yi masa nihaw, wato sannu, ya nuna rijiya, ya nuna kofi, ya nuna harshensa, ya ce, “Lawban, shiyan. Shiyan ƙwarai.”

Fuskar Liyang ta washe. Ya ajiye sifana, ya kama hannun Maidaji da hannu biyu yana girgizawa, yana shiye-shiye, wato godiya. Ya kira matarsa daga sama ya faɗa mata wani abu, ita ma ta yi murmushi ta sauko da nonon ayaba guda. Daga nan ya ja Maidaji zuwa bayan gida inda bututun biyu suka haɗu, ya kama kan ɗaya ya murɗa shi har ya kulle, ya ɗaga babban yatsa.

Maidaji ya koma ɗaki yana taku ɗai-ɗai. Ya ce wa Mariama ga abin da mijinta mai waya biyu ya kasa, shi ya gama da kalma ɗaya. An rufe na rijiya, saura na gari.

Alhamis da asuba ya kurkure baki, gishirin yana nan, har ya ɗan ƙaru. Ya ce ragowar na tanki ne, bari ya ƙare. Azahar ya ƙaru. La'asar ba sai an juya ruwa a baki ba, da ya taɓa leɓe ake ji. Ya tafi kantin bakin titi ya nuna da yatsa, ya kinkimo manyan robobin ruwa biyu a kafaɗa, shi mai shekara saba'in da huɗu, ya ɗauke butar lantarki ya ɓoye a ƙarƙashin gadonsa. Mariama ta ce ya cika rigima, amma ta sha na roba. Da ta miƙo hannu karɓar kofi ya ga zoben yatsanta ya nutse cikin nama. Ya ɗaga ido ya dubi fuskarta, idanun sun ƙanƙance. Fuskar uwarta ce sak, ta makon ƙarshe.

Ya sake hawa wajen Liyang ya ce shiyan, da ƙarfi wannan karon, yana buga ƙafa. Liyang ya yi dariya ya dafa kafaɗarsa ya sake ɗaga yatsa. A nan Maidaji ya gane akwai abin da ya karkace tsakaninsu, amma bai san mene ne ba. Ya tsaya a tsakar gida, injinan nan huɗu suna gurnani a bayan katanga, ya ji kamar ƙasar da yake takawa ɓawon ƙwai ce, teku tana ƙarƙashi tana tahowa a hankali, ba ta da sauri don ta san babu mai ganinta.

Jumma'a da safe ya ce tunda baki ya kasa, a bar wa sana'a. Ya ɗauko babbar tukunyar da Mariama ke dafa shinkafa, ya cika ta da ruwan famfo, ya fito da murhun gas tsakar gida ya ɗora. Da ruwan ya yi ƙasa ya ƙara, ya sake yin ƙasa ya sake ƙarawa, yadda ake yi a Foga. Mariama tana kwance a ɗaki, ta ce kanta ne ya yi nauyi. Yakan leƙa ta ya dawo. Ya kira Zayyad sau biyu, wayar tana ƙara ba a ɗauka, can wurin lodi ba a jin komai sai ihun injin. Matar Liyang ta leƙo ta taga ta ga tsoho yana dafa ruwa zalla, ta kira maƙwabciyarta su yi kallo.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya ruwan ƙarshe ya fara tsalle a gindin tukunya. Ya rage wuta. Gefen tukunyar ya fara fari, farin ya sauko, ya rufe gindin gaba ɗaya. Maidaji ya dafa gishiri shekara hamsin, bai taɓa ƙin ganinsa ba sai ranar.

Sai ya ji muryarta daga ɗaki, ƙasa-ƙasa.

“Baba, wa ya kashe fitila?”

Rana tsaka, labule a buɗe.

Ya ruga. Tana zaune a bakin gado ta riƙe kai da hannu biyu, ta ce wasu taurari ke gilma mata, kuma ƙasan haƙarƙarinta na dama kamar an soka wuƙa. Ya ce ta kwanta ta gefen hagu, ta yi ta salati, yana zuwa.

Ya suri tukunyar da gefen rigarsa, da zafinta, ya zagaya bayan katanga. Liyang yana tsaye a bakin tafki yana watsa wa kifi abinci. Maidaji ya dire tukunyar a gabansa. Ya kama yatsan mutumin ya dangwala a gindin tukunya ya kai masa baki. Liyang ya so ya fizge, amma wanda ya yi shekara hamsin yana ɗaga tukunyar gishiri ba a fizge masa hannu. Ya lasa. Ya dubi tukunya, ya dubi famfon da Maidaji ke nunawa, ya dubi rijiyar kakansa.

“Shiyan,” in ji shi.

Amma ba yadda Maidaji ya faɗa ba. Tasa muryar daga ƙasa ta taso ta hau sama, kamar mai tambaya. Ta Maidaji a miƙe take, a sama, ba hawa ba sauka. Nan take tsoho ya gane, don Bahaushe ba a koya masa wannan: kukan yaro daban, kukar miya daban, baƙaƙen ɗaya ne, muryar ce ta raba su. Daga baya aka tabbatar masa. In ka ɗaga muryar, ka ce abu ya yi gishiri. In ka miƙe ta, ka ce abu sabo ne mai daɗi. Kwana biyu yana yabon rijiyar mutum. Shi kuwa Liyang, don jin daɗin baƙo ya san darajar ruwan kakansa, famfon gari ya rufe, ya bar musu na rijiya zalla. Wannan kuskure Maidaji ba ya musunsa, ko da yake ya ce rabin laifin na yaren ne da ya ajiye zuma da maɗaci a kwano ɗaya.

Bai tsaya baƙin ciki ba. Ya ja Liyang har ƙofar ɗaki ya nuna masa ƙafar Mariama da cikinta. Mutumin ya ƙwala wa matarsa kira, ya ruga ya fito da motar da yake kai kifi kasuwa. Matar ta shimfiɗa bargo a baya, su biyu suka tallafo Mariama suka kwantar.

Tafiyar nan ba ta fi minti ashirin da biyar ba, amma Maidaji ya ce ta fi ta Gaya zuwa Agadas tsawo. Motar tana ƙarnin kifi. Matar Liyang ta riƙe kan Mariama a cinyarta tana yi mata magana da yarensu, shi yana riƙe da ƙafafun, suna da sanyi da tauri kamar kabewa. Idonsa a kan yatsun hannunta, don ya san daga nan jijjigar ke farawa. A kan wata doguwar gada ƙaramin yatsan ya motsa. Ya sake motsawa. Maidaji ya karanta duk abin da ya haddace tun yana yaro, da ya ƙare ya koma farko. Ya ce wa Ubangiji ya riga ya ba da ɗaya a kan wannan hanya, ba ya jayayya, amma a dubi tsufansa.

“Baba, kana nan?”

“Ina zan je? Ni da kogi ya tofar.”

A asibiti aka ɗaura mata abin awo, ma'aikaciyar ta dubi lambar ta danna wani abu a bango, mutum huɗu suka fito da gudu. Suka tura gadon ta wata ƙofa, ƙofar ta rufe. Sai a lokacin ya lura tafin hannunsa duk ya yi bororo saboda tukunya. Liyang ne ya samu Zayyad a waya. Ya iso bayan La'asar, rigarsa duk shuɗin jins, ya durƙusa gaban tsoho ya kasa ɗaga kai. Maidaji bai ce masa komai ba game da za a duba. Ya bari sai bayan suna.

An yi mata aiki aka ciro 'ya mace, 'yar mitsitsiya kamar ɗan zomo, aka sa ta a kwalba. Mariama ba ta farfaɗo sosai ba sai washegari da hantsi. Da ta buɗe ido ta ga fitilar rufi, ta ce tana gani. Likita ya faɗa wa Zayyad cewa wannan ciwo yakan zo wa mai ciki ko da gishiri ko babu, ruwan dai ƙara wa wuta itace ya yi, kuma da an ƙara awa biyu da labari ya sha bamban. Maidaji ya ce likita da littafinsa, shi da abin da ya binne.

Liyang bai zauna ba. Ya ɗauki tukunyar nan yadda take ya kai wa shugabannin ƙauye. Bayan kwana biyu wata mata ta zo daga hukumar ruwa da na'ura a bakin doguwar igiya. Kafin ta zura, Maidaji ya sa Zayyad ya faɗa mata abin da za ta tarar: sama daɗi, tsakiya dama-dama, ƙasa teku. Ya ce ruwan daɗi kwance yake a kan na gishiri kamar mai a kan miya. In kana ɗiba da guga a hankali, man kake kwasa. In ka zura bututu har gindi ka sa injin huɗu suna zuƙa, ga rani, ga kogi ya janye, to ka kira na ƙasa, kuma zai amsa. A Foga duk yaron da ya nutsa guga har ƙasa sai ya sha dundu.

Matar ta zura igiyarta, ta tsaya a wuri uku, ta dubi lambobin. Sannan ta tambayi Zayyad a wace jami'a tsohon ya koyar.

Ta auna rijiya goma sha tara a ƙauyen, bakwai sun kamu, duk na ɓangaren tafkuna. Aka yi taro, aka yi hayaniya, don mai kifi ba ya son jin a kashe injin. A ƙarshe aka raba musu ranakun jan ruwa, aka ɗaga bututun kowace rijiya zuwa sama, aka rufe uku da suka fi lalacewa, aka haƙa ramuka a gefen gonaki don in damina ta zo ruwan ya tsaya ya nutse maimakon ya gudu teku. Gidajen kwana duk aka mayar da su kan famfon gari. Liyang da hannunsa ya yanke bututun rijiyar kakansa daga tanki, matarsa ta juya baya don kada ta gani. Matar hukuma ta ce teku saurin shiga gare ta, fita kuwa sai ta ga dama, wataƙila damina uku, wataƙila goma.

Kwana goma sha takwas jaririyar ta yi a kwalba. Ranar da za a sallame su, Maidaji ya ce babu mai shigar masa da 'ya da jika gidan nan sai ya yarda da ruwan. Ya sa aka zubar da tanki aka wanke sau biyu, ya bi famfo ɗaya bayan ɗaya, na kicin, na banɗaki, na tsakar gida. Zayyad da Liyang suna biye da shi kamar masu jiran hukuncin alƙali. Da ya gama na ƙarshe ya ce a je a ɗauko su. Aka sa wa yarinyar suna Nana Khadija. Yanzu tana rarrafe, tana cin ayabar Liyang, uwarta kuma zobenta yana juyawa a yatsa.

Akwai masu zama a shagunan kasuwar Baima ta cikin birni suna cewa sa'a ce kawai, wai tsoho ya yi ta surutu har ɗaya ta faɗa daidai. To, gidan ba ɓoyayye ba ne, kowane direban kwantena ya san shi. Mai shakka ya zo da kofi goma, ya cika su da ruwan da ya ga dama, ya jefa ƙwayar gishiri uku a ɗaya, ya ɗaure wa Maidaji ido da rawaninsa. In tsoho ya kuskure, ya yarda a aske masa gemu a tsakiyar kasuwa. In kuwa ya nuna kofin, mai shakka zai shanye moɗa guda daga gindin rijiyar Liyang, a tsaye, ba tare da ya yamutsa fuska ba.